Kunyar 'Yar Fari a Motar Malumfashi

Mijina ya rasu ina goyon wata biyu. A gidan gurzar auduga na Funtua yake leburanci. Ya dawo wata ranar Talata yana riƙe da ciki, kafin Juma'a an kai shi makwancinsa. Ya bar ni da yara biyu: mace ta fari, tana da shekara biyu da 'yan watanni, sai namijin da ke bayana. A shekarun farko ne bayan Turawa sun miƙa mulki, ni kuma ban fi shekara ashirin ba, in ma na kai.

Da na fita takaba danginsa suka ce in tattara in koma ƙauyensu, can ƙasar Malumfashi, wajen Ƙarfi. Na ce a yi mini haƙuri. Uwata ta rasu tun ina ƙarama, ubana ya tsufa, ba ni da gidan da zan koma in miƙe ƙafa. Amma ina da tanda da murhu, kuma leburorin da suka yi aiki da marigayi ba su daina sayen waina a hannuna ba. Masu neman aure sun zo, har da wani mai shago da ke ta murmushi don in ga haƙorin Makkansa. Duk na sallame su. Ba wani tsarki gare ni ba, na dai san ranar da aka ɗaura mini aure ranar za a zo a kwashe yaran, don dangin mijina ba za su bari jininsu ya zama agola a gidan wani ba.

Wan mijina, wanda shi ne babba a gidansu, ya yarda in ci gaba da zama a Funtua, amma da sharaɗi. In riƙa kawo yaran tsohuwa tana ganinsu. Tsohuwa ita ce uwarsu, surukata. Ƙaramar Sallah, babbar Sallah, bayan kaka, da duk lokacin da aka aiko. Ba wanda ya ce mini jarrabawa ce, amma ai ba a goye nake ba. Ina kallon yadda tsohuwa ke matsa damtsen yarinyar, ta buɗe mata ido, ta duba tsakanin yatsun ƙafarta. Namijin yana shan nono, ba mai taɓa shi. Macen suke so. Ita ce mai sunan tsohuwa, ita ce kuma ta ɗauko goshin ubanta da irin tafiyarsa. Saboda haka duk lokacin da na nufi tasha abu guda ne a raina: na tafi da biyu, Allah Ka sa in dawo da biyu.

Yaran yanzu in an ce musu Funtua zuwa Malumfashi sai su yi dariya, wai ai nan da can ne. A lokacin wuni ne cur. Motar katako ce ta 'yan kasuwa, an jera benci a bodinta, an rufa tamfol a sama, buhuna da kaji da akuyoyi duk tare da mu. Ba ta tashi sai ta cika, ba ta ganin kasuwa ta wuce, in ta tsaya kuma sai lokacin da direba ya ga dama. A Malumfashi a sake wata wadda ta girmi ta farko, ta bi hanyar burji tana tari, ta ajiye mu a gindin wata tsamiya, sauran mu ƙarasa da ƙafa.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan mota shi kaɗai da ƙananan yara biyu ba, don Allah kada ya ba ni labarin wahala. Namijin nan da ya fara wayo ba ya zama a baya, ba ya zama a cinya. Ya ja kunnen akuyar mutane, ya tsoma hannu a kwandon tumatir, ya tsula wa wani Alhaji fitsari a buhun gishiri, ni kuma ina ta ba da haƙuri sai ka ce ni na yi. Macen kuwa mota ce ke juya mata ciki. Da mun wuce Bakori za ta yi shiru, ta fara haɗiyar yawu, idanunta su kawo ruwa. Lemon tsami nake yanka mata ta riƙa shinshinawa, wata rana ya yi aiki, wata rana ya ƙi. In ɗayansu ya ce kashi kuwa, tabɗi! Sai an bubbuga jikin mota, an yi ta ƙwala wa direba kira, ya tsaya yana zage-zage, in sauka da goyo da buta duk mota tana kallona. Babu mijin da zai riƙe mini ɗaya. Babu ma wanda zan harara in ji sanyi a raina.

Dabarar da ta riƙa cetona ita ce wanka. Tsakanin tsamiyar nan da ƙauyen akwai wani rafi. Tun daga gida nake ƙulle sabulu da man shanu da kwalli da kayan Sallarsu a ƙunshi dabam, ba na kwance shi ko da za su yi birgima a taɓo. In mun sauka sai in ratse rafin, in cuɗe su tas, in mulke su da mai har suna ƙyalli, in zizara musu kwalli, in canja musu kaya, in ba su wainar da na ɓoye don cikinsu ya ɗan taso. Haka muke sallama a gidan, tsaf da mu. Tsohuwa ta matsa nan, ta duba can, ta rasa abin cewa, sai ta ce a kawo mana ruwa. Sau biyar ina tsallake wannan siraɗi.

Akwai abin da ban faɗa ba tukuna. Yarinyar nan 'yar fari ce, mu kuma yadda aka tashe mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, kuma a lokacin da ita ake auna tarbiyyar mace. Tawa ma ta zama biyu, tun da sunan surukata gare ta. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ita kuma Yaya take ce mini, haka matan gidan hayarmu suka koya mata suna dariya. A ɗaki, in na saki asabari, nakan ɗora ta a ƙafata in tsefe mata kai, in yi mata waƙa ƙasa-ƙasa yadda ba za a ji a tsakar gida ba. Amma a mota, da mun shiga zan duba cikin mata wadda fuskarta ta fi sauƙi in ce, "Baiwar Allah, ɗan riƙe mini wannan." Ta yi hanyar nan a cinyar masu daddawa, ta yi a ta masu tallar nono, sau ɗaya ma a ta wata makauniya. A tawa ba ta taɓa yi ba. Wallahi ban ga aibin haka ba a lokacin, har alfahari nake yi.

Tafiya ta shida a ƙarshen damina ta faɗo, dawa ta fitar da kai. Aka aiko cewa tsohuwa ta yi mafarkin ɗanta, tana son ganin yara. Namijin yana gab da yaye, macen ta kusa cika huɗu. Na ba maƙwabciyata ajiyar tanda, na ɗaura ƙunshina biyu, muka yi sammako.

Ina hawa mota a tashar Funtua na ga wani dattijo zaune kan buhu, da sandarsa da buzunsa. Na san shi sarai. Maƙwabcin gidan su mijina ne, aminin marigayi surukina, mutumin da in ya yi magana a ƙauyen nan ba a musa masa. Ya zo neman maganin ido ne zai koma. Na durƙusa a tsakanin buhuna na gaishe shi.

Ya ce, "A'a, 'yar nan, ke ce? Ina marayun Allah?"

Na ce, "Ga su nan, Baba."

Ya dafa kansu, ya yi wa ubansu addu'a. Ni kuma na gyara mayafi na ce a raina, yau sai na nuna wa mutumin nan cewa daga gidan mutunci na fito, don ya je ya faɗa.

Wadda ta karɓi yarinyar ranar wata mata ce Kirista, daga Hausawan ƙauyukan Malumfashi da suka bi mishan. Za ta girme ni da shekara goma. Farin takalmi gare ta, da rigar sanyi a kafaɗa, ta ce ungozoma ce a wani asibitin mishan. Mace ce mai sakin fuska da son hira. Kafin mu fita gari ta ba yarinyar alewa, ta koya mata wani wasan tafa hannu, har na ji dariyar yarinyar na yi kamar ban ji ba.

Mun tarar da kasuwar Bakori tana ci, muka yi zaman da ya ishi kowa. Muna tashi hadari ya haɗo daga gabas. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, tamfol ɗin kuwa duk huji ne. Aka dunƙule a tsakiyar mota, numfashi kan numfashi, ga warin kaji, ga daddawa, ga hayaƙin mota, duk a rufe. Namijin ya tsala kuka, na juyo shi gaba na ba shi nono. Ina ji yarinyar ta fara kakari. Ta kelaya amai a zanen matar, ta sake yi a rigarta. Ban ɗaga kai ba. Ta gefen ido ina hangen ƙafar dattijon a kan buhu.

Can gaba muka tarar da motoci sun yi layi. Ruwa ya haura wata gada, sai an jira ya janye. Tun azahar muke nan har la'asar ta yi. Namijin ya sha ya ƙoshi ya yi barci, na mayar da shi baya, cinyata ba kowa. Yarinyar kuwa ta jiƙe, sai rawar sanyi take yi. Ta miƙo hannuwanta biyu wajena.

"Yaya. Yaya, ɗauke ni."

Na ce, "Ke, zauna inda kike. Ba ki ga ana riƙe da ke ba?"

Ungozomar ta taɓa wuyan yarinyar, ta ce mini, "'Yar'uwa, wai ina uwar yarinyar nan take, aka haɗa ki da wahala haka?"

Wata mai daddawa da ke gefena ta ƙyalƙyale da dariya. "Ai ga ta nan a gabanki. 'Yar fari ce."

Matar ta dube ni, ta dubi yarinyar. "Ke kika haife ta?"

Na juya ina gyara goyona.

"Haba, ƙanwata. Jikinta zafi rau, kuma ke take kira. Kunyar me ake yi a nan? Karɓi 'yarki ki sa ta a jikinki, ni in riƙe miki namijin."

Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, har yau ban warke ba, ranar kuma dama a cike nake. Na ce, "Baiwar Allah, riƙo na roƙe ki, ban roƙe ki wa'azi ba. Mu ba a tashe mu da lashe 'ya'ya a gaban manya kamar akuya ba. In kin gaji, miƙa ta gaba."

Wasu a motar suka yi dariya. Dattijon ya yi gyaran murya irin ta wanda aka faranta wa rai. Matar ba ta rama ba. Ta cire rigar sanyinta ta naɗe yarinyar a ciki, ta rungume ta, ta ce mata, "Yi shiru, 'yata, yanzu za mu tafi." Yarinyar ta sauke hannuwanta. Ta kwantar da kai a ƙirjin matar, amma idonta yana kaina, bai bar kaina ba har ruwan ya janye.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba yanzu da furfura ta cika mini kai. Na ji kishi, kishi mai zafi, ganin 'yata a ƙirjin wata. Na so in fizge ta in tura ta cikin zanena. Kuma a daidai wannan lokacin ina jin daɗin cewa dattijo yana gani. Duka biyun suna cikina, na zauna a kansu ban motsa ba.

A Malumfashi ungozomar ta sauka. Ta buɗe jakarta ta ba ni ƙwayar magani a ƙunshin takarda, ta ce in raba biyu in ba ta rabi yau rabi gobe. Ta ce, "Allah ya raya miki su." Na karɓa ban ce na gode ba. Ban sake ganinta ba, ban san sunanta ba. Da zan gan ta yau da har ƙasa zan durƙusa mata.

Mota ta biyu ta ajiye mu a tsamiya rana ta yi ja. Nan na tuna da ƙunshin wankana, nan kuma na gane ba shi da amfani. Dattijon ya sa sandarsa a hammata, ya ɗauki yarinyar ya saɓa a kafaɗa da kansa, ya yi gaba. Yaya zan ce wa aminin surukina ya tsaya a bakin rafi in yi wa yara kwalliya? Rafin ma ya kawo, ruwan ja wur. Haka muka shiga gidan: rigarta da busasshen amai, ƙafafunmu duk taɓo, namijin da majina har baki, ni kaina kamar an tono ni.

Tsohuwa ta karɓe ta daga kafaɗar dattijon. Ba ta matsa damtse ba ranar, ba ta duba ido ba. Ta dai taɓa goshinta ta ce, "Takwara, haka aka kawo mini ke?" Ta shige da ita ɗakinta.

Da safe zazzaɓin ya sauka, maganin matar nan ya yi aiki. Na wanke su, na shafa musu mai, na sa musu kayan Sallar. Yarinyar ta sha kunu, har ta bi 'yan awaki da gudu. Na ce a raina ƙila na sha. Da hantsi sai aka ce wan mijina yana kirana a ƙofar ɗakin tsohuwa. Na tarar da shi zaune a tabarma, ga tsohuwa a bakin ƙofa, ga dattijon jiya ya zo gaisuwa. Na durƙusa daga nesa.

Dattijon ne ya fara. Ya ce, "Ni dai jiya na ga tarbiyya. Tun daga Funtua har tsamiya, 'yar nan ba ta ɗaga ido ta dubi 'yar farinta ba. Yarinya ta yi amai, ta yi kuka, ta kira ta, ko gezau. Wata 'yar mishan ta so ta koya mata rashin ta-ido, ta wanke ta tas a gaban mutane. Irin matan dā ke nan. Ɗanku ya iya zaɓe, Allah ya jiƙansa."

Kaina yana ƙasa, har wani sanyi nake ji yana ratsa ni. Wawiya! Shi dattijon tsakani da Allah yake yabona, bai san inda maganarsa za ta sauka ba. Ni ce ya kamata in sani.

Wan mijina ya ce, "To, alhamdulillahi. Dama abin da ya hana mu magana tuntuni, muna gudun kada a raba uwa da 'ya a shiga haƙƙin wani. Tun da abin haka yake, ita da kanta ta san 'yar fari ta kakanni ce. Ga shi kuma biyu sun yi wa hannunta yawa, kowa ya ga yadda suka iso jiya. Sai a bar wa Inna takwararta ta riƙa ɗebe mata kewa. Namijin ya zauna a wurinki, ba mai taɓa miki shi." Ya ɗan juyo wajena. "Ko kina da magana?"

Magana? Cike take da bakina. In ce ni nake tauna mata nama don haƙoranta na ciwo. In ce ba ta barci sai ta riƙe gefen zanena. In ce saboda ita na kori mai shago, saboda ita nake tashi tun assalatu ina shaƙar hayaƙi. Amma faɗin haka shi ne in buɗe baki a gaban surukai in ce ina son 'yar farina, kuma a gaban mutumin da bai gama rufe baki daga yabona ba. Ni da na wanke ungozoma a gaban mota guda, ranar harshena ya mutu murus.

Na ce, "Ai taku ce, Malam."

Ya ce, "Madalla. Allah ya yi miki albarka." Aka shafa fatiha, suka tashi.

Da azahar na sami tsohuwa ita kaɗai a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Na zauna na ja ƙwaryar ina taya ta.

Na ce, "Inna, yaron ya saba da ita. Ba ya cin abinci sai da ita."

Ta ce, "Zai saba."

Na ce, "Aman nan ba ciwo ba ne. Mota ce ke sa ta. A gida lafiyarta ƙalau."

"To kin ga ta huta da mota."

Na ce, "Inna," na kasa ƙarasawa.

Ta ajiye gyaɗar ta dube ni sosai, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan. Ta ce, "'Yar nan, na san abin da ke cikinki, ba sai kin faɗa ba. Shi wannan da ya yanke maganar ɗazu, a hannun kakarsa ya tashi, ni ma ba a tambaye ni ba. Ke kina da ɗaya a baya. Ni nawa yana ƙarƙashin ƙasa a Funtua, ko kabarinsa ban gani ba." Ta goge ido da gefen zane ta ci gaba da ɓara.

Na so in tsane ta, na kasa. Da muguwa ce da na fi samun sauƙi.

Kwana biyu na ƙara a gidan. Na yi tunanin in saɓi yarinyar in gudu ta cikin dawa, amma in je ina? Sun san ɗakina a Funtua, in suka biyo ni da fushi duka biyun za su ɗauka. Bayan shekaru masu yawa wani malami ya ce mini da na je gaban alƙali ni za a ba, tun da ban yi aure ba. Wa ya san wannan a lokacin? Ko da na sani ma, da wane bakin zan je, bayan na ce tasu ce a gaban shaidu?

Abin da na iya kawai na yi. Na ja yarinyar bayan rumbu inda ba mai gani, na yi mata kitso ƙanana waɗanda za su daɗe. Tana ta ba ni labarin ɗan akuyar da ya bi ta, ni ina amsawa da kai. Na bar wa tsohuwa kayan Sallar yarinyar da sauran rigunanta biyu. Ban gaya wa yarinyar komai ba. Matan gidan suka ce in sulale in ta fita wasa, haka ake yi. Tsohuwa ta ce a'a, ba a yi wa yaro tafiyar sata, ta raka mu ta ga tafiyarmu da idonta, don kada ta yi ta nemanmu a ɗakuna.

Haka muka fito da safe, tsohuwa riƙe da hannunta, wan mijina ɗauke da ƙunshina. Ranar ba kasuwar da ke ci, mun daɗe a gindin tsamiya kafin mota ta zo. Na taka taya na hau da goyona, aka miƙo mini kaya. Ina cikin gyara zama na ga yarinyar ta zare hannunta daga na tsohuwa, ta zo gindin mota ta ɗaga hannuwa sama. Wani mai buhun barkono da ke bakin ƙofa, bawan Allah bai san komai ba, ya sunkuya ya ɗago ta ya dire ta a gabana.

Tsohuwa ta ce, "Takwara, zo nan." Direba ya danna ham. Na dubi wan mijina, ya kawar da kai. Na dubi mai barkono, shi ma ya gane ya yi kuskure, ya shiga gyaran bakin buhunsa. Ba wanda zai yi mini wannan aikin.

Na ɗauke ta da hannuna biyu, a gaban surukaina, a gaban duk wanda ke motar. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta saƙalo wuyana tana kallon fuskata da mamaki. Na riƙe ta fiye da yadda ya kamata, na sani, kuma ban damu da wanda ya gani ba, sai dai rashin kunyar ta zo mini a makare. Na sunkuya ta gefen katako na miƙa ta ƙasa. Wan mijina ya ɓamɓare yatsunta daga wuyana.

Shekara bakwai ta yi a gidan, sai da tsohuwa ta rasu ta dawo hannuna. An riƙe ta da kyau, ba zan ɗauki alhakin kowa ba. Yanzu ita ma tana da jikoki, kuma ba ta taɓa tayar mini da maganar ranar ba, ƙila ma ta manta. Ni ce ban manta ba. Don da aka dire ta a ƙasa ba ta yi kuka ba, ba ta yi birgima ba. Ta ɗaga kai ta leƙo cikin motar ta tsakanin katako.

Ta ce, "Yaya, babu wuri ne? Zan tsaya a tsaye. Ba zan yi amai ba."

Na ce, "Babu wuri."

Motar kuwa ranar ko rabi ba ta cika ba.